Dajin Karura: Aikin Gayya a Cikin Birni

A arewacin Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, akwai wani daji da ake kira Karura. Girmansa ya haura hekta 1,000. Tun 1932 yake gandun daji na gwamnati.

A 1998 asiri ya tonu cewa an yanka wa masu hannu da shuni filaye a cikinsa, za su yi gine-gine. Wata mace, Wangari Maathai, ta ce ba za ta saɓu ba. Ita da mutanenta suka riƙa zuwa da dashe suna dasawa inda aka sare itatuwa. A watan Janairu na 1999 masu gadi suka far musu da duka, har aka fasa mata kai. Ɗaliban jami'a suka fito zanga-zanga. A ƙarshe aka fasa ginin.

Amma hana gini bai raya dajin ba. Sai ya zama maɓoyar 'yan fashi. Mai hankali ba ya shiga, ko da rana tsaka. Dajin da jama'a ke tsoro kuwa ba shi da mai tsaya masa, gobe ma wani zai zo ya yanka.

A 2005 Kenya ta yi dokar da ta ba jama'ar da ke maƙwabtaka da gandun daji damar kafa ƙungiya su kula da shi tare da hukuma. Da wannan doka mutanen unguwannin da ke kewaye suka kafa Ƙungiyar Abokan Dajin Karura a 2009. Suka yi rajista, suka ƙulla yarjejeniya da hukumar gandun daji, kowa ya san iyakar aikinsa.

Tsaro suka fara nema. Suka tara gudummawa aka zagaye dajin da waya mai lantarki, aka bar ƙofofi.

Abin da suka yi na gaba shi ne ya fi muhimmanci. A gefen dajin akwai unguwar talakawa mai suna Huruma. Mutanenta sun saba shiga neman itacen girki. Da an kore su kawai, da sun zama abokan gaba, kuma da gaskiyarsu, don yunwa ba ta san waya ba. Maimakon haka aka ɗauki mutane daga cikinsu aikin sintiri, da sharar hanya, da renon dashe, ana biyansu. Wanda tuwon gidansa ke fitowa daga daji ba zai bari a sare shi ba.

Aka share hanyoyin ƙafa da na keke, sun fi kilomita 50, aka kafa alamu don kada baƙo ya ɓata. Aka sa kuɗin shiga kaɗan, da shi aka riƙa biyan ma'aikata. A 2011 aka buɗe wa kowa. Yanzu iyalai da 'yan makaranta na zuwa ganin kogunan dutse da aka ce 'yan Mau Mau sun ɓuya a ciki lokacin yaƙi da Turawan Ingila.

Dashe ma da dabararsa. A da an cika wurin da itacen turare, wanda baƙo ne a ƙasar, ga shan ruwa. Ba a sare shi gaba ɗaya ba, don kada ƙasa ta zauna tsirara ruwan sama ya kwashe ta. Yanki-yanki ake cirewa, a maye gurbinsa da itatuwan asalin wurin. Da waɗannan suka yi ƙarfi, daga 2014 aka fara kawo wasu birai masu baƙi da fari, irin da ke cin ganye, aka sake su a dajin, har sun hayayyafa.