Mahucin kaba, kyautar Baba

Iyaye mata, ku karanta ma yaranku wannan darasi.

Yaro ba shi da ko dala, amma yana iya yi ma babansa kyauta da hannunsa. Lokacin bazara, mahuci ya fi komi amfani.

1. A yanko kaba, a bar ta tsakiya don ta sake toho.
2. A shanya ta a inuwa har ta bushe.
3. A tsaga ta sirara-sirara.
4. A dafa rabinta da karan dafi da ƴar kanwa, ta yi ja.
5. A jiƙa ta kafin saƙa, don kada ta karye.
6. A saƙa ja da fara, a ɗaura ma icce.

Aikin wuƙa da wuta, babba ya tsaya kusa.

Tambaya: don mi ake barin kabar tsakiya?