Wasiƙar Nasiha ga Matasan Ikkilisiyoyin Damagaram kan Salama da Hutu

Zuwa ga samari da 'yan matan ikkilisiyoyin Damagaram.

Daga cikin alkawuran da ke cikin Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga shi cikakke da Hausa a 1932, akwai biyu da Kirista ke bukata kowace safiya, wato salama, wadda ita ce natsuwar zuciyar da ta sulhunta da Allah, da kuma hutu, wanda shi ne sauke wa Ubangiji nauyin da ɗan Adam ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba. Ya kamata a lura cewa a daren da za a kama shi ne Almasihu ya yi wa almajiransa alkawarin salama cikin Yohanna 14, kuma a Matiyu 11, inda ya kira gajiyayyu su huta, ya haɗa kiran da karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanun huɗa a wuya. Ashe hutun Kirista yana cikin aiki da wahala, sai dai ba shi kaɗai yake jan garmar ba.

Abin da ya sa dattijon da ke wannan rubutu ya ɗauki alƙalami shi ne halin da wani saurayi ya shiga, wanda a da shi ke kaɗa ganga cikin ƙungiyar mawaƙa, amma tun da ya fara kabu-kabu, wato ɗaukar fasinja a babur, ya yi sallama da sujadar Lahadi, kuma ba ya da zance sai na zinariyar Jado da ta ruɗi samari tun 2014, ko ƙetarawa Libiya ta Agadas. Sana'arsa ba abin kunya ba ce, tun da Bulus manzo ma da ɗinkin tanti ya ci abinci. Abin tsoron shi ne jan idonsa, da amsar da yake ba mahaifiyarsa kullum, cewa talaka bai ga ta hutu ba.

Nasihar farko ga irinsa ita ce ya kwanta ya yi barci. Zabura 127 ta nuna cewa sammako da raba dare saboda fargabar abinci aikin banza ne, domin barci ma kyautar Allah ce. Amma a yau saurayi yakan yini tsakanin Birni da Zango da kasuwar Dole, sa'an nan ya tare a fada, wato dandalin hirar samari, ana dafa shayi ana latsa salula har zakara ya yi cara, wasu kuma su haɗa da ƙwayar tiramol wai don ƙarfin aiki. Wanda ya hana jikinsa hutun da Mahaliccinsa ya tsara masa, ya kuma sayar da ranar Ubangiji kan jika biyu, ba shi da bakin kukan cewa addu'arsa ta bushe.

Nasiha ta biyu ita ce addu'ar iyali da maraice, inda ake kiran kowace damuwa da sunanta a gaban Allah tare da godiya, kamar yadda Filibiyawa 4 ta koyar, ko kuɗin lakkol ne, ko famfon da ya kwana uku bai kawo ruwa ba. Iyayen da suka riƙe bangaskiya a garin nan, tun daga zuwan mishan na SIM a 1924, 'yan kaɗan ne kuma matalauta, amma ba sa kwanciya sai an shimfiɗa tabarma an kunna fitilar ƙwai an karanta sura guda. Amfanin wannan tarbiyya ya bayyana ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, lokacin da tarzomar zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sa aka ƙone majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai. Iyalai da yawa sun fake a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su, alherin da bai kamata matasa su manta ba. Waɗanda suka koma suka share toka suka yi sujada ba tare da neman ramuwa ba, su ne waɗanda suka saba kai ƙananan damuwowinsu ga Allah tun kafin babbar ta zo.

Saboda haka ana roƙon wannan saurayi, da duk mai shirin kama hanyar hamada, kada ya yanke shawara da gajiyayyen jiki da zuciya mai zafi. Ya jingine babur ranar Lahadi, ya zauna da fasto da iyayensa su auna tafiyar cikin addu'a, domin mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Su ma dattawan ikkilisiya wajibi ne su je su same shi a tashar babura, kada su jira sai ya zo da kansa.

Daga wani dattijon ikkilisiya, Damagaram.