Wuyan dashen haƙori: wurin da ake mantawa da shi

Yawancin waɗanda muke yi wa dashen haƙori tambayarsu ɗaya ce idan sun dawo: "Likita, ƙarfen ya kama?" Ƙashi suke nufi. Amma wannan an daɗe da shawo kansa. Tun a 1965 Farfesa Per-Ingvar Brånemark ya dasa wa mutum na farko ƙusar titaniyom a ƙasar Suwidin, aka kuma ga ƙashin muƙamuƙi yana riƙe wannan ƙarfe gam. Ni abin da ya fi damuna shi ne ɗan wurin nan mai tsawon milimita 3 zuwa 4, inda dashen ya ratsa dasashi ya leƙo cikin baki.

Haƙorin da Allah ya halitta yana da zaruruwa da suke fitowa daga dasashi su cusa kansu cikin saiwarsa. Ƙarfe ba ya ba su wannan dama. Binciken da Berglundh da Lindhe da abokan aikinsu suka wallafa a 1991 ya nuna cewa zaruruwan suna bin jikin dashen ne kawai, ba sa shiga cikinsa. Wato haƙorin asali an ɗinke shi da dasashi, shi kuwa dashe rawani aka naɗa masa. Ga shi jinin da ke zuwa wurin bai kai na haƙorin asali ba. Shi ya sa ƙwayoyin cuta suke samun hanya cikin sauƙi.

A nan ne yadda aka sarrafa fuskar ƙarfen yake da muhimmanci. Ɓangaren da zai nutse cikin ƙashi ana fesa masa ɓarɓashi mai kama da yashi, a jiƙa shi da asid, ya yi kaushi, domin ƙwayoyin halittar ƙashi suna son kaushi. Matsalar ita ce ƙwayoyin cuta ma suna sonsa. Idan wannan kaushin ya bayyana a cikin baki, datti yana maƙalewa a ramukan da burushi ba zai taɓa kaiwa ba. Masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun gano cewa da zarar kaushi ya haura maikuromita 0.2, taruwar ƙwayoyin cuta tana ƙaruwa. Kuma goge ƙarfen ya yi sulɓi fiye da haka ba ya ƙara rage su. Don haka wuyan dashe yana buƙatar santsi, amma daidai gwargwado, yadda ƙwayoyin halittar dasashi za su sami abin kamawa.

Kamfanoni sun yi ta ƙoƙari a kan wannan. Wasu suna zana ƙananan layuka a wuyan da hasken leza, kuma an ga zaruruwa suna tunkarar ƙarfen kai tsaye a irin wannan wuri. Wasu suna bi da shi ta ruwan sinadari da lantarki ya koma ruwan hoda ko ruwan zinare, don kada duhunsa ya nuna ta cikin siririn dasashi. Akwai kuma zikoniya, farin tangaran mai ƙarfi da dasashi yake zaman lafiya da shi.

A ganina, tsabtar fuskar ta fi duk waɗannan. Mahaɗin da ake ɗaurawa a kan dashen yakan dawo daga wurin mai ƙera haƙori ɗauke da ƙurar guga da maiƙon hannu waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayar halitta ba ta shimfiɗuwa a kan datti. Dole a wanke shi sosai a kashe ƙwayoyin cuta kafin ya shiga bakin mutum. Wasu asibitoci har da iskar agon suke tsabtace shi, abin da ke sa ruwa ya bazu a kansa maimakon ya dunƙule. Abokan aiki, mu kuma rage yawan kwance mahaɗin muna mayarwa. Duk kwancewa tana yage ɗan mannewar da dasashi ya yi, kuma an nuna tun 1997 cewa maimaita hakan yana sa ƙashi ya ja baya.

Idan wannan shinge da dasashi ya yi a wuyan dashe ya karye, da farko jini ake gani wajen goge baki, dasashin ya yi ja ya kumbura. A wannan mataki ana iya gyarawa. Idan aka yi sakaci sai mugunya ta biyo, ƙashi ya fara zaizayewa, sau da yawa ba tare da wani zafi ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike da dama ya kiyasta cewa kashi 22 cikin 100 na masu dashe suna kaiwa wannan matakin.

Saboda haka idan kana da dashe, ko kina da shi, a tsabtace wuyansa kullum da burushi mai laushi da ɗan burushin tsakanin haƙora. A daina tsokalar wurin da allura ko tsinken sakace. Mai shan sigari ya yi ƙoƙarin bari, mai ciwon suga ya kula da sugansa. Ranar da aka ga jini a gindin dashe, a zo mu duba, kada a jira sai ya fara girgiɗi.