Zauren Firimason na Landan: Shawara ga Mai Son Leƙawa

Da yawa daga cikinmu da zarar sun ji sunan Firimason sai gabansu ya faɗi, saboda labaran ƙungiyar asiri da muka taso muna ji. Shawarata ga wanda ya je Landan ita ce ya raba kallon gini da shiga ƙungiya. Freemasons' Hall, hedikwatarsu da ke titin Great Queen, a buɗe take ga baƙi, kuma gidan tarihin da ke ciki kyauta ake shiga.

Ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Holborn. Tashar Covent Garden ma tana kusa, amma cunkoso ya yi mata yawa, kuma wanda ya gaji da jiran lif zai hau matakala 193.

Kafin ka shiga, ka tsaya a tsallaken titi ka dubi hasumiyar da farin dutsen Portland da aka lulluɓe ginin da shi. Wannan ne gini na uku a wurin. Na farko tun 1776 aka buɗe shi. Wanda ke tsaye yanzu, Ashley da Newman ne suka zana shi, aka gina tsakanin 1927 da 1933 domin tunawa da 'yan ƙungiyar fiye da 3,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saboda haka gidan tunawa da mamata ne, ka rage murya. Akwai akwatin tagulla ƙarƙashin wata taga mai gilashi kala-kala, a ciki aka adana sunayensu. A nan ya kamata ka fi daɗewa.

Babban zauren yana ɗaukar mutum kusan 1,700. Ƙofofinsa na tagulla ne, kowane ɓari ya haura tan ɗaya. Da ka shiga, ɗaga kai: ƙananan duwatsu masu launin zinariya da shuɗi aka jera ɗaya bayan ɗaya har suka zagaye rufin. Duk mai sha'awar sana'ar hannu zai yaba haƙurin magina.

Sai dai ba kullum ake ganin zauren ba, domin ana taro a ciki, ana kuma ba da hayarsa ga masu shirya fim da bukukuwa. Ka duba shafinsu na intanet ka kama gurbin zagaye da ɗan jagora tun kafin ka fito daga masauki, kuma ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.