ZIYARAR KASUWAR KURMI TA BIRNIN KANO

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A darasin tarihi mukan karanta labarin fatake da ayarin raƙuma da cinikin hamada, mu haddace shekaru saboda jarrabawa, in an gama kuma mu manta. Alhali kuwa akwai wurin da wannan tarihi yake zaune da ransa, ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Wurin nan shi ne Kasuwar Kurmi, wadda ke tsakiyar birnin Kano, tsakanin Gidan Rumfa da Dutsen Dala. Yau ta fi shekara 500 tana ci. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu abin da ya kamata mai ziyara ya sani kafin ya je, da abin da zai lura da shi in ya shiga, da kuma abin da ya riƙe kasuwar nan tsawon wannan zamani.

Asalin Kasuwar

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi. Littafin Tarihin Kano ya lissafa ta cikin abubuwa 12 da ya ƙago, tare da ginin gidan sarauta da faɗaɗa ganuwa. Sunanta kansa yana ba da labari. Kurmi dai daji ne mai duhuwa, kuma a dā akwai irin wannan duhuwa a bakin ruwan Jakara, wadda maguzawan farko suke girmamawa. A nan aka share fili aka kafa kasuwa.

Rumfa bai kafa ta a banza ba, ya tarar ciniki ya riga ya buɗe. A zamanin Sarki Abdullahi Burja, daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro, wadda ke cikin Gana ta yanzu. A zamanin Sarki Yakubu, daga 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka riƙa kawo gishiri har ya wadata a ƙasar Hausa. Abin da ya rage shi ne a sami wuri guda, cikin ganuwa, kusa da idon sarki, inda baƙo zai sauke kayansa hankalinsa kwance. Wannan ita ce buƙatar da Kurmi ta biya.

Unguwannin da ke Kewaye

Mai ziyara ya fara karatunsa tun kafin ya shiga kasuwa, wato ya lura da sunayen unguwannin cikin birni. Zangon Barebari masaukin mutanen Barno ne. Tudun Nufawa na Nufawa ne, Agadasawa na mutanen Agadas, Ayagi kuwa ta Yarbawa. Dandalin Turawa nan Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, domin a dā Larabawa ake kira Turawa, tun kafin Ingilishi su zo. Alfindiki daga kalmar Larabci ta masaukin fatake aka samo ta. Ashe ke nan kowace unguwa shaida ce ta wata hanya da ta ɓullo Kano, kuma dukan hanyoyin a Kurmi suke haɗuwa.

Abin da Baƙi Suka Gani

Turawa biyu sun bar mana bayanin kasuwar kamar yadda take a ƙarni na 19. Na farko shi ne Kyaftin Clapperton, wanda ya iso Kano a Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya tarar da rumfuna a jere layi layi, kowace sana'a da ɓangarenta, da Sarkin Kasuwa mai ba da hayar rumfuna. Abin da ya ba shi mamaki shi ne ya sayi laima ƙirar Ingila a cikin kasuwar, wadda ta ratso hamada a bayan raƙumi kafin shi.

Na biyu shi ne Dokta Barth, Bajamushe, wanda aka sani da suna Abdulkarim. Ya zo a 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta mutanen birni 30,000, amma ya ce lokacin da fatake suka cika gari sukan kai 60,000. Ya ga yadi daga Manchesta, da takubba da allurai daga Jamus, da duwatsun wuya daga Italiya, da sukari daga Faransa. Amma abin da ya fi yabawa shi ne saƙar Kano da rininta. Ya ce tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Tarabulus da Tambutu, ya kuma ƙiyasta kuɗinsu wuri miliyan 300 a shekara, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da dala guda ta azurfa. Ku lura, ya 'yan'uwa, wannan dukiya ba daga wata babbar masana'anta ta fito ba. Mata ne suke kaɗi a cikin gida, masaƙa suna saƙa a ƙauyuka, marina suna rini a Kura da Ƙofar Mata, mabuga suna bugu har zane ya yi ƙyalli. Haka kuma fatar jan akuya da majema suke jemewa: ana kai ta arewa ta hamada, a sayar a Turai da sunan fatar Maroko.

Akwai kuma abin da bai kamata mu ɓoye ba. A cikin kasuwar nan an sayar da mutane. Clapperton ya ga dogayen rumfuna biyu na bayi, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata. Barth ya ƙiyasta bayi wajen 5,000 ake fita da su daga Kano a shekara. Ba a rufe wannan ɓangare ba sai da Ingilishi suka ci Kano a 1903. Wanda ya tsaya a Kurmi yana alfahari da arzikin kakanni, ya dace ya tuna da waɗanda aka rabo da iyayensu aka tsugunar da su a nan ana taya su kamar dabbobi.

Amana da Adalci

To, me ya sa falke zai baro Gwanja da jakunan goro, ya yi wata biyu ko uku a hanya, ya nufo Kano? Me ya sa Buzu zai ɗauko kantun gishiri daga Bilma ya danƙa wa mutumin da ba danginsa ba? Amsa ita ce amana. Baƙo yakan sauka wurin fatoma, wato mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in an ɗauki kaya bashi. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya karɓi la'adarsa.

Clapperton ya rubuta wani abu da ya isa a koya wa kowane ɗalibi. Ya ce in aka sayi riga ko turkuɗi a naɗe, aka kai Barno ko wata ƙasa mai nisa, sa'an nan aka buɗe aka tarar ba shi da kyau, sai a komo da shi Kano. A cikin kowane ƙunshi akwai sunan dillalin da ya sayar. Dole dillalin ya nemo mai kayan, shi kuma dole ya mayar da kuɗi. Wannan doka ita ta sa mutum a Kukawa zai sayi kayan Kano bai kwance ba.

Tarihi ya kuma nuna mana abin da ke faruwa in adalci ya kau. A zamanin Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, an tsananta karɓar haraji a Kasuwar Kurmi har ta kusa mutuwa. Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye. Ba yaƙi ba ne ya yi wannan ɓarna, ba gobara ba ce. Kwaɗayin masu mulki ne. Falke kamar tsuntsu yake, inda ya ga tsaba da kwanciyar hankali nan yake sauka, in an jefe shi kuwa ya tashi.

Cikin Kasuwar a Yau

Wanda ya shiga Kurmi yau zai tarar da lunguna ƙanana, wani wurin mutum biyu ba sa jerawa. Har yanzu akasari kowace sana'a da layinta. Akwai dukawa da jakunkuna da takalma da titimi na fata. Akwai masu kayan doki, da sirdi da linzami da likkafa da jalala, waɗanda kasuwarsu ke buɗewa sosai in hawan salla ya gabato. Akwai 'yan littattafai da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ga allo da tawada da gafaka. Akwai masu manyan riguna da alkyabba da rawani, da 'yan koli masu tozali da murjani, da masu kanwa da citta da kanumfari da kimba, da masu turaren wuta da saiwoyin magani. Hanci ma kaɗai ya isa ya gaya wa mutum layin da ya shigo.

Amma Kurmi ba ita ce cibiyar cinikin Kano ba yanzu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin hanyar teku ta Ikko, cinikin hamada ya ja baya, cinikin gyaɗa ya tashi a bayan ganuwa. Daga baya Kasuwar Sabon Gari ta bunƙasa, yadi ya koma Kantin Kwari, hatsi ya koma Dawanau. Yawancin yadin da ake sayarwa a Kano yanzu daga ƙasar Sin yake zuwa, a garin da ya taɓa tufatar da mutanen Tambutu. Roba ta kori ƙwarya da akushi. Masu sana'ar hannu da yawa sun tsufa, 'ya'yansu kuwa sun shiga boko kamar mu, wasu har suna jin kunyar a gan su da basilla a hannu. In dattijo ya rasu bai koya wa kowa ba, sana'ar ta bi shi kabari.

Ladabin Ziyara

Ɗalibin da zai je ya tafi da hantsi, lokacin da aka buɗe rumfuna, cunkoso bai yi yawa ba. Ya riƙe littafin rubutu da alƙalami. Ya yi sallama, ya gaida manya kafin ya yi tambaya, kada kuma ya ɗauki hoton kowa sai da izini. Ya sani kasuwa wurin neman abinci ce, in mai saye ya zo sai ya ja gefe. Kada ya taya abin da ba shi da niyyar saye, domin in ka taya mai kaya ya ce albarka, ciniki bai faɗa ba, amma in ya ce ya sallama, to magana ta ɗaure ka. Tayawa a gudu abin kunya ne.

Tambayoyi uku sun ishe shi ga kowane mai sana'a: wa ya koya maka? Daga ina kayan aikinka suke zuwa? Wa kake koya wa yanzu? In ƙungiyar tarihi ta makaranta ta tattara amsoshin, za mu sami abin da babu shi a littafin da muke karantawa. In lokaci ya rage, a ƙarasa karofin Ƙofar Mata a ga rini da baba, a shiga Gidan Makama a ga kayan tarihi, a hau Dala a hango birni.

Kammalawa

A cikinmu akwai waɗanda za su zama 'yan kasuwa, akwai waɗanda za su zama ma'aikatan haraji ko alƙalai ko shugabanni. Ɗan kasuwar gobe ya tuna da dillalin da ke sa sunansa cikin ƙunshi, yana shirye a komo masa da kaya daga Barno. Ma'aikacin gobe ya tuna da zamanin Kumbari. Iyayenmu kuma muna roƙonsu, wanda ke da sana'ar gado ya zaunar da mu a rumfa lokacin hutu, domin boko ba ya hana ɗinki ko jima ko rini, sai ma ya ƙara musu daraja. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa mu amfana da abin da magabata suka bari, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.