Kafin ka ɗaure bel ɗin firintarka, ɗauko rula

Masu firintar 3D a yankinmu ba su da yawa, amma ƙorafin da ke iso mini shago a Mazanya, daga Jibiya, Katsina har Maraɗi, kusan ɗaya ne: abin da aka buga ya fito da zane-zane a jiki, ko ya goce daga tsakiya. Kowa kuma maganinsa ɗaya, ya ja bel ya ɗaure tamau. Wannan ɗaurin ne ke cinye boris ɗin injin, zanen kuma yana nan daram.

Zanen da kansa yake faɗin inda cutar take, in dai ka auna tazarar da ke tsakaninsa.

Yawancin ƙananan firintocin da ke hannun mutanenmu, irin su Ender 3, bel ɗinsu GT2 ne, mai faɗin milimita 6, tazarar haƙoransa milimita 2. Don haka in ka ga siraran layuka a tsaye, kowanne milimita 2 tsakaninsa da ɗan'uwansa, haƙoran bel ne suka bar sawu. Ko dai an matse shi fiye da kima, ko yana gogar gefen fuli. Sassautawa yake so. In kuma layukan a kwance suke, suna maimaituwa duk bayan milimita 8, bel ba shi da laifi ko kaɗan. Dogon sukurun da ke ɗaga kan firintar ne, wanda zagayensa ɗaya milimita 8 ne, ya lanƙwashe ko ya cika da datti.

Akwai wani zanen daban, wanda ke bin bayan kusurwa ko harafi, yana dusashewa a hankali. Girgiza ce ke kawo shi. Rage gudu, ka sauke na'urar daga teburin roba mai rawa, ka ɗora ta a kan daɓen siminti. A nan sakwarkwacewar bel na iya zama sanadi, kuma ma'aunin irin na sarƙar babur ne: kada ta yi lilo, kada ta yi tauri.

Gocewa kuwa, wadda ta fi cin rai saboda takan zo bayan awa biyar ana aiki, sau da yawa ɗan mitsitsin sukurun da ke riƙe fuli a jikin sandar injin ne ya kwance. Ja layi da maka a kan fulin da sandar. In layin ya rabu bayan bugu, ka kama ɓarawon. Ka tabbata sukurun ya zauna a ɓangaren sandar da aka shafe. In gocewar ba ta zuwa sai da rana tsaka a watan Afrilu, duba ƙaramar fankar allon wuta, don in ya yi zafi injin yakan tsallake taku.

Masu ƙera waɗannan na'urori ba su san ƙurar hunturun Jibiya ba. Tana shiga tsakanin haƙoran bel, ta manne a tayoyin roba, ta haɗu da giris ta zama yashi mai ci. Busasshen buroshin haƙori ya wadatar duk mako, kada a shafa wa bel mai. Da damina kuma zaren roba ke shan raɓa, ka ji yana ƙaf-ƙaf a bakin zafi, jikin aikin ya fito da ƙuraje. Adana zaren a bokiti mai murfi. In za ka shanya shi, ka tuna zaren roba irin PLA yana fara laushi wajen digiri 60, saboda haka ba a barinsa a kan kwanon rufi ko cikin mota.

Sayi bel mita biyu da fuli mai haƙora 20 ka ajiye tun lafiya lau. Ba a samunsu a kasuwar Lahadi ta Jibiya, sai an aika Kano ko an yi oda daga Sin, kuma wanda ke Maraɗi ya san yadda aike ya zama tsakanin Agustan 2023 da Maris 2024, lokacin da iyaka ke rufe.