Darasi na Wannan Wata: Idan Dillali Ya Yi Wasa da Tayinka a Gidan da Banki Ke Sayarwa

'Yan'uwa, wannan darasi ya fito ne daga abin da ya faru da wani tela cikin ɗaya daga ƙungiyoyin adashen da muke aiki da su. Ya ji labarin wani gida a cikin birni, wajen Ƙofar Mata, wanda banki zai sayar domin mai shi ya kasa biyan bashi. Dillali ya kai shi ya ga gidan daga waje, ya ce masa ya yi tayi, ya kuma ba da kafin alƙalami don "a riƙe masa". Ya ba da kuɗin a hannu, babu rasit. Bayan 'yan makonni sai ya ga ana fentin gidan: wani ya saya. Da muka bi sawu, ashe tayinsa bai taɓa isa banki ba. Tambayar da ya zo mana da ita ita ce: wa zan kama?

Sai mu fara da abin da ba shi da daɗin ji. Tayi ba ciniki ba ne. Banki ba dole ba ne ya sallama wa kowa, kuma cinikin gida irin wannan ba ya ƙulluwa a gaban kotu sai da rubutu. Saboda haka da wuya telan ya sami gidan. Abin da yake da haƙƙi a kansa shi ne kuɗinsa da kuma cin amanar da aka yi masa.

Amsar "wa zan kama" tana rataye a kan abu ɗaya: dillalin nan wakilin wane ne? A Kasuwar Kurmi mun saba da dillalin da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa, ya ci la'adarsa, kowa ya san gidan ubansa. Kayan banki ba haka ba ne. Banki yakan ba wani takamaiman mutum aikin da takarda, ko mai lasisin gwanjo, ko ƙwararren mai kimanta gidaje, ko lauya. Daga nan labari yakan bi ta bakin dillalai uku ko huɗu kafin ya zo kunnenmu. Idan wanda ya karɓi kuɗinka yana da takardar wakilci, kuma ya karɓa a cikin hurumin da aka ba shi, kana iya haɗawa da bankin a ƙara. Idan ba shi da ita, to daga kai sai shi. Shi ya sa muke cewa a nemi ganin takardar, a ɗauki hotonta, a shiga reshen bankin a tambaya. Tayi a rubuta shi, a kai, a karɓi kwafi mai hatimi. Kuɗi kuma a zuba a asusun da bankin ya rubuta da kansa, kada a sa a asusun dillali, ko da surukinka ne.

Idan ɓarna ta riga ta faru, a fara da wasiƙar neman kuɗi mai kwanan wata, a ba shi wa'adi. A cikin birni mai unguwa da shugabannin dillalai sukan iya abin da lauya ba zai iya cikin wata guda ba, domin dillali da sunansa yake cin abinci. Amma duk abin da aka shirya a zaure a rubuta shi, shaidu su sa hannu. Idan sulhu ya ƙi, akwai kotun sasanci ta Babbar Kotun Jihar Kano, akwai kuma kotun ƙananan basussuka inda mutum zai iya tsayawa ba tare da lauya ba.

Idan dillalin mai rajista ne, ana kai ƙararsa ga ESVARBON, hukumar da dokar 1975 ta kafa, wadda ke da ikon soke rajistarsa. Gaskiyar magana, yawancin dillalan unguwa ba sa ƙarƙashinta. Idan kuwa da hannun ma'aikacin banki, a rubuta wa bankin, a karɓi lambar ƙorafi. In mako 2 ya wuce babu gamsasshiyar amsa, a kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Nijeriya.

Mutanenmu sukan ruga ofishin 'yan sanda tun farko. A lura: dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa alkawarin ciniki kawai. Amma karɓar kuɗi da sunan wakilcin da babu shi zamba ce, dokar 2006 ta hana damfara ta shafe shi, kuma 'yan sanda ko EFCC na iya shiga. Sai dai ɗaure mutum daban, dawo da kuɗi daban.

Wanda tayinsa ya karɓu ma bai huta ba. Gidajen cikin birni da yawa na gado ne, kuma yakan faru ɗan'uwa ɗaya ya jinginar da gidan da sauran magada ke ciki. A je KANGIS a bincika sunan da ke kan takardar mallaka da jinginar da aka yi wa rajista. Dokar filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a jinginar ko a sayar da fili mai irin wannan takarda. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin wannan amincewa. A tambaya kuma ko bashin yana hannun bankin har yanzu, domin tun 2010 hukumar AMCON ta sayi basussuka masu yawa daga bankuna, kuma inda ta saya ita ce mai magana.

Telanmu dai saƙon waya ɗaya ne ya cece shi, inda dillalin ya rubuta cewa kuɗin sun shigo hannunsa. Da shi aka zauna a gaban mai unguwa, yanzu ana biyansa kaɗan-kaɗan. A taron ƙungiya na gaba, duk mai shirin sayen gida ko shago ya zo da takardun da ke hannunsa mu duba tare.